Tauraro a sama, ruwa a Lugbe

Duk mai bin titin filin jirgin saman Abuja ya san Lugbe. A nan hedikwatar hukumar binciken sararin samaniya take, wato NASRDA, wadda aka kafa a 1999. A Lugben dai, cikin watan Yunin 2023, ambaliya ta shanye gidaje da motoci a rukunin gidajen Trademore, kuma ba ranar aka fara ba. Ga masu kallon ƙasa daga sama, ga maƙwabtansu na tsamo katifu daga ruwa.

Ba na cikin masu cewa kuɗin bincike asara ne. Mun harba tauraron ɗan'adam na NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kuma na ƙarshen injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Sojojin sama sun ƙera jirage marasa matuƙa, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018 (wanda ya raɗa musu suna kam ya ji Hausa). Basira akwai ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an gama bikin ƙaddamarwa, an naɗe tabarma. A 2010 gwamnati ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 don kafa kyamarori da hanyar sadarwar jami'an tsaro, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne. Mazauna Abuja sun ga sandunan a shataletale da faifan sola a kansu, sun kuma ga yadda suka koma abin ado, wasu ma aka kwance su. Batir yana mutuwa, waya tana tsinkewa, ƙura tana rufe gilashi, kuma gyara ba ya kawo 'yan jarida. Shi kansa NigeriaSat-2 shekara 7 aka ɗibar masa. Sai mai karatu ya ƙirga daga 2011.

Batun ambaliya ya fi ba ni takaici, domin a nan ilimin ma yana hannu. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi, NiMet, na fitar da hasashen damina, hukumar sa ido kan koguna da ambaliya, NIHSA, na lissafa ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Ana karanta rahoton da Turanci a zauren taro, a tafa, a watse. Manomin da ke bakin kogi a Gwagwalada ko Kwali fa, wa ya gaya masa? Zuwan hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, da buhunan shinkafa bayan ruwa ya ci gari ihu ne bayan hari.

Da za a ji tawa, da majalisa ta daina amincewa da sayen kowace na'urar tsaro sai an nuna mata kuɗin kula da ita na shekaru da sunan ofishin da zai amsa tambaya in ta mutu. A kuma karkatar da wani kaso na kuɗin bincike zuwa ƙananan abubuwa: ma'aunin ruwa mai araha a gadoji, wanda da ruwa ya kai wani gwargwado zai tura saƙon murya da Hausa da Gwari zuwa wayar mai unguwa da gidan rediyo. Sannan a tabbatar idan mutum ya buga lambar kiran gaggawa ta 112 da ƙarfe biyun dare daga Kuje, akwai mai ɗauka, akwai kuma mota da mai a cikinta.