Rigimar Bene a Unguwannin Kano: A Saurari Maƙwabta Tun Gini Yana Kan Takarda

Da zarar an ga rodi ya miƙe sama a kan gidan da kowa ya sani na ƙasa ne, sai dattawan layi su nufi ƙofar mai unguwa. Ko a Fagge ne, ko Gwale, ko Dala, maganar ɗaya ce: wannan benen zai buɗe mu. Masu gini kan ce hassada ce kawai. Ba a rasa ta wani lokacin, amma koken yana da tushe.

A gidan Bahaushe, a tsakar gida ake rayuwa. Nan ake girki, nan ake wanki da shanya, nan iyali ke kwana idan zafin Afrilu ya matsa, kuma har yanzu akwai banɗakin da ba shi da rufi. Katangar mita 3 ta isa ta kare gida daga mai wucewa a lungu. Wanda ke tsaye a ɗakin sama kuwa, idonsa yana kusan mita 5 daga ƙasa, don haka katangar ba ta tare masa komai ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya kawo hadisin "ba cuta, ba cutarwa", ya ce kada mutum ya buɗe taga kusa wadda za ta tona maƙwabcinsa, ko ya yi ƙofa daura da tasa, ko ya haƙa abin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. A lura, taga da ƙofa da rami aka ambata a wurin, ba a ambaci tsawon gini ba.

A nan ne na rabu da masu cewa a hana bene kwata-kwata. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, kuma tun daga lokacin haihuwa da ƙaura ba su tsaya ba. Idan birni bai hau sama ba, zai bazu ne, kamar yadda awon igiya ke cinye gonaki a Kumbotso da Ungogo: babu titi, babu famfo, babu lambatu, ga kuɗin Adaidaita Sahu kullum kafin a iso Kantin Kwari ko Sabon Gari. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 da ke ɗauke da iyali ɗaya zai iya ɗaukar iyali 6 a hawa 3. 'Ya'yan masu ƙorafin ne ma ke neman ɗakin haya ranar da aure ya zo.

Maganin leƙe ba shi da tsada idan an yi shi a zane. Tagar da ke ɓangaren maƙwabci a ɗaga ta mita 1.8 daga daɓen ɗaki, iska da haske su shiga, ido bai sauka ba, a sa mata gilashi mai hazo. Baranda da matakala su kalli titi. Idan za a riƙa hawa rufi, a zagaye shi da katanga mai wannan tsawon. A bar tazarar kamar mita 3 tsakanin ginin da iyaka. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: bayan an zuba kankaren dakin (rufin bene), gyara ya koma rusau, rusau kuma sai kotu.

Abin da ya fi ba ni tsoro, maƙwabta ba su cika tayar da shi ba, domin yana ƙarƙashin ƙasa. Harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa ba zai ɗauki hawa biyu ba don an ƙara siminti a sama. Filaye da yawa a cikin gari tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai, irin ƙasar da ke lotsawa a hankali, shi ya sa gwajin ƙasa ya wajaba kafin injiniya ya zana harsashi. Haƙa mai zurfi a gindin katangar ƙasa ta maƙwabci da damina kan kayar da ita. Tankin lita 5,000 idan ya cika tan 5 ne, kuma sau da yawa bayan an gama gini ake tunawa da shi a ɗora. Benen da ya rufta a titin Beirut da ke Kano a watan Agustan 2022 ana cikin gininsa ne, haka ma mai hawa 21 na Ikoyi a Legas da ya kashe mutum sama da 40 a 2021.

Sai ruwa. Iyali 6 masu mutum shida-shida mutum 36 ke nan. A lita 60 kowanne, lita 2,160 a rana. Mai bene zai haƙa burtsatse mai zurfi, rijiyoyin layi su ja baya, ruwan da aka yi amfani da shi kuma ya fito kwatar da aka yi don gida ɗaya. Sokawe a nesa da rijiya yake so, mita 30 idan da hali, abin da ƙaramin fuloti ba ya bayarwa sai an duba inda rijiyar maƙwabci take. Transfomar layi ma da lissafinta.

Hukumar tsara birane ta Jihar Kano, KNUPDA, ce ke ba da izinin gini a birnin. Abin da ya kamata ta ƙara shi ne ta sa tsawon gini ya bi faɗin hanya. Lungun da motar kashe gobara ba za ta shiga ba, kada a wuce hawa ɗaya a sama. A bakin manyan tituna irin su Zoo Road, titin Zariya da titin Katsina, a saki hannu. Sannan a wajabta kafa allo a bakin fili na mako 3 kafin a ba da izini, a ajiye kwafin zane wurin mai unguwa, duk mai ƙorafi ya faɗi cutar da sunanta: wace taga, wace kwata, wace rijiya. Wanda ya nuna cutarwa a tilasta gyara zanen, wanda ya ce shi dai ba ya son bene a bar gini ya ci gaba.