Wai mu ne abin tausayi?

Wani abokin aikina a nan Indiyana ya gayyace ni gonarsa, irin turawan nan ne da suka gaji da birni suka sayi fili a bayan gari wai za su ci guminsu ba ruwansu da kanti. Kuma gaskiya wurin ya burge ni. Rufin gidan duk sola ne, batura ɗaki guda, ga burtsatse yana turo ruwa har kicin da banɗaki, akurkin kajinsa ma ƙofar da kanta take buɗewa da asuba ta rufe da magariba. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa matarsa ta jera kwalaben tumatir da wake da ta dafa ta toshe saboda hunturu, ga firiza cike da naman san da suka yanka, ga murhun itace na ƙarfe mai gilashi wanda hayaƙinsa ke bin bututu ya fita waje. Sannan ga farantin Starlink mai kawo intanet, don aikin kwamfuta yake yi daga gida, kuma da wannan albashin yake biyan bashin bankin da ya sayi filin.

Sai na ce masa ai mu a haka muka tashi a ƙauyenmu wajen Gumel, na nuna masa hoton rumbunan Baba a waya. Ya kalla ya girgiza kai cikin tausayi, ya tambaye ni ko akwai ƙungiyar da ke kai mana agaji.

Na san ba da mugunta ya faɗa ba amma wallahi maganar ta tsaya min a rai. Agaji? Baba bai taɓa cin bashin banki ba. Irin geron da yake shukawa daga na bara ya ware shi, taki daga turken dabbobinsa, karan dawa ya zama danga, harawa ta ciyar da awaki har bazara, riɗi da zoɓo a kai Maigatari a samo kuɗin sutura. Shi kuwa mutumin nawa iri oda yake yi ta intanet, abincin kajinsa a buhu yake sayowa, ranar da inbatar solarsa ta ƙone sai ya zauna jiran mota ta kawo masa wata. To a cikin su biyun wa ya dogara da kansa?

Ba ina cewa komai namu daidai ne ba. Inna ta sha daka da surfe da hayaƙin itace har yanzu idonta na ruwa, duk mai yabon rayuwar zamanin da, to ba shi ya riƙe taɓarya ba. Injin niƙa rahama ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu noman rani a fadamun Haɗejia da yawa sun koma injin ban ruwa na sola, kuma ba wanda zai ce sun yi kuskure. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ke hana ƙwari cin wake ba tare da an zuba magani ba, a jami'ar Purdue aka ƙirƙiro shi, nan jihar da nake. Irin wannan kayan muna so, su ne ke ƙara wa manomi ƙarfi a gonarsa.

Akwai wasu mutane a nan da ake kira Amish, wajen Shipshewana, har yau a keken doki suke yawo, amma wasunsu na da sola, waya kuma a wata 'yar rumfa a waje suke ajiye ta. Jama'arsu ce ke zama ta duba abu kafin a shigo da shi, zai haɗa mu ko zai raba mu. Mu ba ma wannan tambayar. Kowane yaro da wayarsa a hannu amma ka kira gayya ka ga mutum nawa za su fito ba tare da an yi cinikin kuɗi ba.

Abin da ya fi damuna ma ƙanina ne. Ya kira ni yana cewa Yaya ka sa baki Baba ya yarda a sayar da gonar bakin titi in sayi adaidaita in tafi Kano. Na ce masa bature na biyan bashin shekara da shekaru don ya samu abin da kai aka haife ka a ciki, in injin ruwa kake so ko sola faɗa min in turo, amma maganar sayar da gona kar ka sake kawo min ita, kuma kar in ji ka kai ta gaban Baba.