Zubar Gashin Tsattsewar Turai Ba Ciwo Ba Ne

Wanda ya lura da tsattsewar da ke zuwa mana daga Turai bayan damina zai ga fuka-fukanta da giɓi, jelarta kuma a gutsure, har ya ɗauka cuta ce ta kama ta ko wahalar ƙetare hamadar Sahara ce ta nakasa ta. Wannan fahimta kuskure ce, domin sauya gashi take yi, kuma lokacinsa ne ya yi.

Gashin tsuntsu kamar farce yake: da zarar ya gama fitowa ba ya gyaruwa, sai dai ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Fitar da sabo yana cin abinci mai yawa, kuma lokacin ɗumi a Turai gajere ne, ba ya isar tsattsewa ta yi ƙwai, ta raini 'ya'ya, sannan ta sauya gashi kafin sanyi ya kashe ƙwarin da take ci. Saboda haka take jinkirta aikin har ta iso Afirka, inda dubun-dubatarsu ke kwana a wurare irin su Boje a Jihar Kuros Riba.

Dogayen gashin fiffike suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje, dama da hagu daidai wa daida, shi ya sa ba ta daina tashi, kuma shi ya sa aikin ke ɗaukar wata 4 zuwa 5. Ba kowace baƙuwar tsuntsuwa ke yin haka ba. Wasu suna gama sauyawa tun a Turai kafin su taso.