Bakin wanda aka kama shi ne shaidar farko a kansa

Wanda bai aikata komai ba ya fi kowa saurin buɗe baki idan 'yan sanda suka kama shi. Gani yake da ya yi bayani za a ce ya tafi gida. A ganina wannan gaggawar ce ta fi jefa mutane cikin halin ni-'yasu, domin abin da aka faɗa cikin tsoro a daren farko, shi za a karanta gaban alƙali bayan watanni, da sa hannun mai shi a ƙasa.

Yawancin manyan laifuka da ƙafa biyu suke tsayawa: aikin da aka yi, da niyyar da ta sa aka yi shi. Niyya ce ke raba kisan ganganci da kisan kuskure, kamar yadda ƙarfi ko barazana ke raba fashi da sata. Aiki dai shaidu da rahoton likita kan tabbatar da shi. Niyya kuwa a zuci take, kuma hanya mafi sauƙi ta zaƙulo ta ita ce bakin mai ita.

A ce rigima ta kaure, wani ya zaro wuƙa, ɗayan ya rarumi katako ya maka masa. Kare kai hujja ce da doka ta sani, muddin martanin bai wuce kima ba. Amma da aka zaunar da mai katakon, jiki na rawa, sai ya ce: "Dama na daɗe ina haƙuri da shi, yau na ce sai na koya masa hankali." Shi ke nan, ya miƙa wa mai gabatar da ƙara abin da yake nema. Magana zarar bunu ce.

Shi ya sa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin ɗan Adam da na siyasa ta 1966 ta ce a sanar da mutum dalilin kama shi nan take, a gurfanar da shi gaban alƙali ba da jinkiri ba, ya samu lauya da tafinta idan yana buƙata, kuma kada a tilasta masa amsa laifi. Masu cewa "ai mai gaskiya ba zai amsa abin da bai yi ba" su tuna da matasa biyar da aka kama a New York a 1989 kan fyaɗe. Sun amsa hannu a laifin bayan doguwar titsiye, sun sha ɗauri, sai a 2002 aka wanke su bayan ainihin mai laifin ya fito, gwajin ƙwayar halitta kuma ya gaskata shi.

Akwai masu ganin wannan 'yanci mafaka ce ga ɓata-gari. Ban yarda ba. Ernesto Miranda, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncinsa a 1966 saboda ba a faɗa masa 'yancinsa na yin shiru da samun lauya ba, an sake yi masa shari'a ba tare da ikirarinsa ba, aka kuma sake ɗaure shi. Bincike mai kyau ba ya dogara da firgita mutum.

Sai dai shirun ma ba kyauta ba ne ko'ina. A Ingila, tun dokar 1994, kotu na iya zargin hujjar da mutum ya ɓoye wa 'yan sanda sannan ya fito da ita ranar shari'a. Wanda ba ya wurin da aka yi laifin, gara a sani da wuri tun shaidunsa ba su manta ba. Don haka ba bebantaka nake kira a yi ba. A faɗi suna, kada a yi kokawa ko zagi, a ce: "Zan yi bayani idan lauyana ya zo." Takardar da ba a karanta ba, ko aka rubuta da harshen da ba a ji, kada a sa mata hannu ko a dangwala yatsa, ko da an ce "sa hannu kawai ka tafi gida."