Shaddar ɗana ba kayan wasa ba ce

Assalamu alaikum ƴan uwana na Damagaram. Yau sati uku da dawowarmu amma abin nan ya ƙi barin raina, shi ya sa na ce bari in rubuta ko na ji sanyi.

Shekarata 12 a Faransa, a Liyon, ban taɓa shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa ba sai bakans ɗin bana, wato babban hutu. Baban yara ya yi kusan shekara biyu yana tara kuɗi. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Marsey, bai kai awa biyu ba, daga nan kwana bakwai a kan Bahar Rum, Jenowa, Napoli, Palma, Barselona, a sake dawowa Marsey. Jirgin nan ku ɗauka unguwa guda aka ɗora bisa ruwa, hawa goma sha wani abu, asansar mai hawa da sauka da mutane ta ko ina, pisin na wanka da iyo a can sama, shaguna, gidan wasa, wajen da ake riƙe ma mutane yara, jama'a dubbai. Ɗakin kwana kuma, kabin suke ce mishi, ɗan mitsitsi ne, gadon yara daga bango ake sauko da shi, in kun buɗe balis biyu na kayanku to babu inda za a taka.

Kowane dare sai a aje muku takarda a ɗaki, tsarin gobe, har da irin kayan da ake so a sa wajen cin abincin dare. Wajen ci iri biyu ne. Akwai bife a sama, ka ɗauki faranti ka zuba da kanka, can ko da gajeren wando ka je ba mai kallonka. Sai babban restoran, an ba ku lambar tebur, naku ne har tafiya ta ƙare, zama biyu ake yi, na farko wajen ƙarfe 6 da rabi, na biyu wajen ƙarfe 9, mu masu ƙananan yara na farko muka zaɓa don kar su yi mana barci a kan faranti. Nan da dare ba a shiga da silifa ko kayan wanka. Kuma sau biyu a satin akwai abin da suke kira suware gala, daren ado, kwamandan jirgi ya fito da fararen kayanshi, masu ɗaukar hoto sun kafa fitilu a gindin wani bene mai walƙiya, mata da dogayen riguna har ƙasa, maza da kwastim da karabat.

Ni tun ina gida na san da wannan dare, kuma ban yi ko shawara ba a kan abin da yara za su sa. Akwai kayan da Inna ta aiko musu da Sallar da ta wuce. Yarona mai shekara 9 shadda ce ruwan bula, Inna da kanta ta je Kasuwar Dole ta zaɓo, telanta na Zango ya ɗinka da awon da na tura ta WhatsApp, ɗan aiki a wuya ba mai yawa ba, da hula, da takalmin fata aikin dukawanmu. Autata mai shekara 5 riga da siket na atamfa da ɗan kwalinta, na yi mata kitso da rana a kabin, na sa mata kwalli da ƴan kunne. Wani abu da ya kamata duk mai shirin irin tafiyar nan ya sani, ba a yarda da dutsen guga a jirgi ba saboda tsoron gobara, in an gani a kaya karɓewa ake, guga sai ka ba masu wanki ka biya. Ni dai ban ba su shadda ba, ina suka san yadda ake bi da ita. Yadda ta zo a ninke daga wajen bugu haka na naɗe ta cikin zani na sa ƙarƙashin katifa kamar yadda muke yi a gida, ta fito tsaf tana ƙyalli.

Wallahi da suka gama shiri na tsaya ina kallonsu sai da ƙwalla ta zo mini. Yaron nan ya gyara zaman hularshi a madubi har sau uku, shi da kanshi.

A bakin ƙofar restoran ana layi, sai wata tsohuwa Bafaranshiya, fuskarta a sake, ba alamar mugunta ko ɗaya, ta duƙo wajenshi ta taɓa wuyan rigar ta ce, kai wannan degizima ta yi kyau, yau kai sarkin wace tatsuniya ne? Degizima ita ce shigar da yaransu ke yi ranar karnabal a lakwal, wani ya zama zaki wani ɗan fashin teku, kamar dai shigar tashe da azumi. Yarona Faransanci ya fi mishi Hausa sauƙi, ya ji sarai. Na ce mata madam, wannan kayan idinmu ne, su muke sawa mu je gaban sarki. Ta ba da haƙuri, har ta ji kunya, gaskiya. Amma magana zarar bunu ce. Muna zama na ga ya zare hular a hankali ya tura ta ƙarƙashin cinyarshi, ya zauna a kanta har aka gama cin abinci, da mai hoto ya zo teburinmu ya sunkuyar da kai.

To ni a daren nan na buɗe ido na kalli yaransu da kyau. Ƴan maza an ƙaƙaba musu kwastim irin ta manya, baƙa ko shuɗiya mai duhu, kafaɗa ta yi musu yawa don daga shago aka ɗauko ba wanda ya auna su, ɗan ƙullin nan na wuya mai kamar malam buɗe littafi ya shaƙe su suna ta ja, kafin a kawo kifi rabin kot ɗin suna rataye a bayan kujera. Wasu kuma an sa musu farar shamis da jin da baskit shi ke nan. Ƴan mata rigunan raga masu buɗewa, iri ɗaya kusan duka, ka ce uwa ɗaya ta saya. Wani yaro a tebur na kusa da mu da tiriko na ƙwallo ya zo, kunne toshe, ido a kan talho, ubanshi na cikin kwastim. Shi ba wanda ya tambaye shi ko sarkin wace tatsuniya ne. Nawa da aka zaɓar ma yadi, aka auna, aka ɗinka, aka kai bugu, aka ɗauko daga Zinder zuwa Yamai zuwa nan a jakar mutane, shi ne mai kayan wasa.

Ba zan ce ba su da nasu ba. Suna duba jin daɗin yaro, in takalmi ya matse shi ba za a ce ya daure ba, kuma ba sa cin bashi saboda kayan dare ɗaya. Mu kuma kun san halin da ake shiga goman ƙarshe na azumi, uba ya rasa barci, tela ya ɓoye, uwa ta sayar da akuyarta don kar ɗanta ya fita da tsohon kaya cikin sa'o'inshi. Na sani, a gidanmu ma an yi. Kuma akwai abin da na koya a wajensu, cikin jirgi kilim ne ko ina, sanyi kamar na watan Janairu a gida, duk uwa ta riƙo ɗan suwaita a hannu, ni autata sai mayafina na yafa mata. Suna zuwa da riga ta biyu a jaka saboda miya, suna sa ma yara takalmi mai kama ƙasa don daɓen jirgi na da santsi. Duk wannan daidai ne.

Amma ado dai, a bar mana. Su dare biyu a sati ake rubuto musu a takarda cewa yau ku yi ado. Mu wa ya taɓa rubuta mana? Yaro ɗan shekara huɗu a Birni ya san kayan Juma'a daban, na suna daban, na Sallah ba a taɓa su sai ranar. Ya san in ya sa babbar riga tafiyarshi ma canzawa take, ya san yadda ake ɗage hannun riga bisa kafaɗa kafin a sa hannu a tuwo, ya san ba a shiga gaban manya kai ba hula. A wajenmu in ka yi ado mutanen da za ka je wajensu ka girmama, ba don hoto ba ne. Kuma ba mu kaɗai muka san haka ba. Wanda ke kawo mana abinci ɗan Indunusiya ne, Musulmi, masu aikin jirgin da yawa daga can suke da Filifin da Indiya, yana ganin baban yara da hula ya yi mana sallama, ya ce ma yaron su ma haka suke fita ranar idi. Shi kallo ɗaya ya yi ya gane. Yaron bai ɗago ba.

Daren gala na biyu ya ce Mama ni farar shamis zan sa da baƙin wando. Na fara faɗa, baban yara ya ce Maman yara ƙyale shi, in kika tilasta mishi ƙara tsanar kayan zai yi. Na ƙyale. Ya sauka ya saje da sauran, ya yi ta dariya, har hoto ya yi da kwamanda. Autata ita ko a jikinta, atamfarta ta sake sawa tana juyi. Ni kuwa abincin nan ban san ɗanɗanonshi ba.

Da suka yi barci na fita can saman jirgi, iska na kaɗawa, ruwa baƙi ƙirin ba ka ganin ƙarshenshi, sai na daina jin haushin tsohuwar. Yaron nan a ina ya taɓa ganin shadda a inda ake ganin girmanta? Sallarmu a nan a wani zauren wasanni ake yi da aka ara, sau da yawa ranar aiki ce, ana sallamewa ya cire riga a mota ya sa kayan lakwal, hula ta koma jaka. Bai taɓa tashi da asuba ya ji gari duka na ƙamshin turaren wuta ba, bai taɓa bin ayari zuwa idi ba kowa da sabon ɗinki har almajirai, bai taɓa tsayawa a ƙofar fada ba ana busa kakaki da algaita, dogarai da jajayen kaya, dawakai sun sha ado, yara sa'o'inshi a kan sirdi da rawani. Bai yi yawon barka da Sallah gida gida aljihu na ƙara da ƴan dala dala ba. Da ya ga wannan ko sau ɗaya, da tsohuwar nan ta yi maganarta shi zai ba ta amsa kafin ni.

Rabonmu da gida tun 2019, yana ɗan shekara uku, auta ko ba ta taɓa zuwa ba. Korona ta zo, sannan daga 2023 jirgin da ke tashi kai tsaye daga Paris zuwa Yamai ya daina, sai an zagaya ta Istambul ko Kasabulanka, ga kuɗin mutum huɗu, ga kusan kilomita 900 a bas, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, yini guda cur da yara. Kullum da wannan nake ba Inna haƙuri. Amma kuɗin da muka zuba a kwana bakwai ɗin nan da ya rage mana hanya sosai, wannan lissafin ne ya hana ni barci a daren.

Inna ta kira ta ce ina hoton angona cikin shaddarshi. Na tura mata wanda na ɗauka a kabin kafin mu sauka, yana murmushi hula a karkace, ban faɗa mata sauran ba. Ta ce ya yi tsawo, in sake auno mata shi tun yanzu kafin teloli su cika. Na ce Inna wannan karon kar ki ba kowa saƙo, ki aje a wajenki, in sha Allahu a ɗakinki zai sa ta. Na riga na faɗa ma baban yara, ko da Sallar ta faɗo tsakiyar karatu ni zan je in roƙi daraktan lakwal da kaina.