Alhaji Na Jiran Mafarki

ALHAJI: Hajiya, a fitar da talabijin ɗin nan da buhunan geron can. Daga yau turakata ta zama wurin halwa.

HAJIYA: Halwa? Kai da ka shiga i'itikafi bara ka dawo gida kwana biyu saboda sauro?

ALHAJI: Mafarki nake so, mai ma'ana. Maƙwabcina na kasuwa ya ga kansa bisa farin doki, wata bai ƙare ba aka ba shi muƙami. Ni kuwa shekara da shekaru ba abin da nake gani sai ana bi na da gudu a lungunan Ƙofar Marusa.

HAJIYA: Wa ke bin ka?

ALHAJI: Ban taɓa waiwayawa ba.

HAJIYA: Da ka waiwaya, da ka ga mai nama ne.

Almajirai huɗu aka kira suka ɗaga gado. Alhaji na tsaye da waya yana duba alƙibla, a matsa nan, a dawo can, har ƙafar gadon ta karye aka tokare ta da bulo. Ladan yaran ya ce sai gobe, goben da duk unguwa ta san ba ta wayewa.

ALHAJI: Madalla. Na kwanta gefen dama, fuska gabas, farin zanen gado, farar jallabiya.

HAJIYA: Saura kafur. Alhaji, da wannan shirin ake kai mutum maƙabartar Ɗan Marna.

ALHAJI: Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Kawo kasko, zuba gawayi, sa turaren wuta. A rufe taga, kada albarkar ta fita.

HAJIYA: A rufe taga a watan Afrilu? Mutane na tsakar gida bisa tabarma suna neman iska.

ALHAJI: Su barci suke nema. Ni saƙo nake jira.

Duhu dai bai ba shi wahala ba, masu wuta sun riga sun taimaka masa. Kwana tara ke nan suna taimakawa, takardar kuɗinsu ce kaɗai ba ta fashin zuwa. Shiru ne ya gagara, don janareton maƙwabci sai ƙarfe biyu yake numfasawa.

Da safe aka aika wa Malam.

ALHAJI: Allah gafarta Malam, abin ya fara. Cikin dare na ji ruhina yana tashi sama, kaina ya yi nauyi, ɗakin na juyawa da ni.

MALAM: Da me ka kwana a ɗakin?

HAJIYA: Da kaskon gawayi, taga a rufe. Ni na ɓalle ƙofar na jawo shi waje.

MALAM: To ka gode wa Allah ka gode wa Hajiya. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen ɗaki tana kashe mutum yana barci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida in za a kwanta. Ruhinka kam ya so tashi, amma ba mai dawowa ba.

ALHAJI: Amma dai ya tashi.

MALAM: Abin da aka koya mana ba shi da tsada. Ka yi alwala, ka kakkaɓe shimfiɗa, ka karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara. Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ka tofa a tafin hannu ka shafe jiki sau uku. Tasbihi 33, hamdala 33, kabbara 34, kamar yadda aka koya wa Nana Faɗima. Sai ka kwanta gefen dama.

ALHAJI: Shi ke nan? Ba abin saye?

MALAM: Babu.

ALHAJI: To ai ko almajiri zai iya wannan.

Nan ne abin ya sosa masa rai. Ibadar da ba za a gan ta a jikin bango ba, Alhaji bai cika yarda da ita ba. La'asar ba ta yi ba sai ga shi da koren labule da ƙatuwar darduma da allon zayyana guda uku, duk a bashi.

Bayan kwana uku aka sake kiran Malam, ko kalaci bai yi ba.

ALHAJI: Yau kam ta samu! Shanu bakwai na gani, masu ƙiba, irin na Sarkin Masar a zamanin Annabi Yusuf. Malam, kwamishina ne ko ciyaman?

HAJIYA: Ka faɗa masa abin da ka ci.

ALHAJI: Malmala huɗu ce kawai ta tuwon dawa.

HAJIYA: Da balangu, da ƙwaryar fura, ƙarfe sha ɗaya na dare. Sannan ya yi awa guda yana kallon farashin shanun kasuwar Mai'aduwa a waya.

MALAM: Mafarki kashi uku ne, Alhaji. Akwai bushara daga Allah, ita ce aka ce yanki ɗaya ce cikin 46 na annabci. Akwai tsoratarwar Shaiɗan, wannan ka yi tofi hagu sau uku, ka nemi tsari, ka juya kwanciya, kada ka gaya wa kowa. Na uku zancen zuci, abin da ka wuni kana saƙawa.

ALHAJI: Nawa na farko ne.

HAJIYA: Naka na huɗu ne, na tuwo.

ALHAJI: To muryar fa? Gab da asuba na ji an kira sunana sau uku, da ƙarfi, har gadon ya girgiza.

HAJIYA: Ni ce, ina tashin ka salla. Gadon kuma bulon ne ya zame.

ALHAJI: A mafarkin ba ke ba ce. Muryar ta fi taki ladabi.

MALAM: Bari in ƙara maka ɗaya in tafi. Ya zo a hadisi cewa wanda ya fi gaskiyar magana shi ya fi gaskiyar mafarki.

Hajiya ta dubi Alhaji, ta dubi mudunsa na awo da ke rataye a bayan ƙofa, wanda aka bubbuga wa gindi har ya shige ciki. Ta miƙe ta ɗauki tsintsiya.

HAJIYA: To a mayar da buhunan geron.

ALHAJI: Kada a taɓa! Na gano matsalar. Labulen ne, korensa bai nuna ba. Kira min yaran nan su zo a sake juya gadon.

HAJIYA: Suna zaure tun ɗazu. Sun ce su ma jiya sun yi mafarki ka biya su.