Glee da yaran da ake watsa wa ƙanƙara a fuska

Shirin nan Glee ya ƙare tun 2015 amma har yanzu a nan Ohio inda nake zaune sai kaga babbar mace da 'ya'yanta ana ambaton sunan shirin idonta ya kawo ruwa. Ga wanda bai sanshi ba, shiri ne mai dogon zango da tashar Fox ta fara nunawa a 2009, zango shida, akan 'yan sakandare a wani gari Lima dake cikin jihar nan, wani malamin Sifaniyanci ya tattaro su suka tada ƙungiyar waƙa ta makaranta suna zuwa gasa. Garin Lima ɗin akwai shi da gaske, makarantar ce ƙirƙira.

Mutane da yawa zasu ce maka waƙoƙin ne suka ja su, kuma ba ƙarya bane, yaran suna da murya wallahi, tsoffin waƙoƙin da iyaye suka manta dasu suka ɗauko suka sake rerawa har saida yawan waƙoƙinsu da suka shiga jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka ya wuce na shahararren mawaƙin nan Elvis Presley a 2011. Mu kam wannan ba baƙon abu bane a wajenmu, mun tashi da fina-finan Indiya dana Kannywood, ana cikin magana a ɓarke da waƙa bai taɓa damunmu ba, Turawa ne ma wasunsu ke ganin abun banbarakwai. Amma ni a ganina ba muryar bace ta riƙe mutane, su waye yaran shine maganar.

A makarantar 'yan ƙwallo ne sarakai, wannan ƙwallon tasu ta ture-ture da hular kwano, sai 'yan matan dake rawa da tsalle a gefen fili, su kuma 'yan waƙa sune ƙarshen layi, kana tafiya ajinka da wankakkiyar riga kawai wani ƙato ya watsa maka ruwan ƙanƙara mai kala a fuska kowa yana dariya kuma ba wanda zai ce uffan. Dubi waɗanda suka fara shiga: yaro akan keken guragu, yarinya baƙar fata mai jiki da murya kamar zata tsaga rufi amma kullum sai a bawa wata gaba ita a barta a baya, wata mai in'ina, wata mai shegen son a sani da ba mai son zama kusa da ita. Ɗaki guda suke dashi a duk makarantar inda in sun shiga an rufe ƙofa ba mai yi musu dariya. Duk wanda aka taɓa rainawa a makaranta yasan darajar irin wannan ɗakin, kuma waɗanda aka raina ai sun fi masu rainin yawa, shi yasa masoyan shirin basu da iyaka. Da Cory Monteith, ɗaya daga cikin taurarin shirin, ya rasu a 2013 shirin na tsaka da tafiya, sannan abokiyar aikinsa Naya Rivera ta nutse a wani tafki a Kalifoniya a 2020, mutane sunyi makoki kamar ɗan ajinsu aka rasa.

To anan ne nake yawan tuna gida, don abun a juye yake. A Glee sa'anninka ne ke wulaƙanta ka, malami kuma ya tsaya maka, uwa tazo ta zauna a layin gaba tana ɗaukarka a waya, na gani da idona a gasar wata makaranta kusa damu don wannan gasar ba a fim kaɗai take ba, a Ohio da Indiana da Iowa da gaske ake yinta, da alƙalai da kofi da motar makaranta ta kwaso yara tun asuba. Mu kuma fa? Yaron da ya iya waƙa a makarantar kwana shine tauraro, daddare a hostel ana buga masa bokiti ana amshi, kowa na sonshi. Matsalar tana farawa ne ranar da labari yaje gida. Sai kaji ance a danginmu ba maroƙi, kar ka jawo mana abun kunya, wa zai baka 'yarsa. Ko Mamman Shata mahaifinsa bai so yayi waƙa ba, kuma gashi manyan namu har gobe shi suke sakawa a mota. Muna son waƙa sosai, kawai dai bama so ace ɗanmu ne mawaƙin, kuma wannan abun yana min ciwo gaskiya don na san muryoyi da yawa da suka mutu a haka ba tare da sun aikata wani laifi ba.

Ba wai ina cewa a kwaso Glee a kai Kano ko Zinder bane. Akwai abubuwa a ciki da suka saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu ƙarara, soyayyar yara ba shamaki, shigar da bata dace ba, ni kaina bazan bar ƙaramin yaro ya zauna gabansa shi kaɗai ba, kuma zangon ƙarshe-ƙarshe labarin ma duk ya watse.

Abun da nake kwaɗayi shine ɗakin nan. Kuma kayan aikin muna dasu, 'yan Islamiyya ranar walimar sauka kaji yadda suke haɗa murya mai bayarwa da 'yan amshi tsigar jikinka sai ta tashi, ba wanda ya koya musu a rubuce. Ga waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi, waɗannan don a rera aka rubuta su, da karinsu da amsa-amonsu, amma a aji sai malami ya karanta su kamar wasiƙa a haddace a zuba a jarabawa a manta. Muna da ƙungiyar muhawara, muna da 'yan dirama, muna da musabaƙa da ake yi tun daga ƙaramar hukuma har ƙasa baki ɗaya, kenan shirya gasa ba abun da zai gagare mu bane. Malamin Hausa ɗaya mai kishi ya isa ya fara, ya nemi aji guda bayan an tashi ya kira yaran nan masu buga bokiti, shugaban makaranta kuma ya daure ya rubuta wa iyaye takardar gayyata ranar da zasu rera.